Tarihin Kwandalolin Zinariyar Amurka na Farko da Bambance-bambancen Hatimansu, 1795 zuwa 1834

A ranar 2 ga Afrilu, 1792, aka sa hannu a kan dokar da ta kafa gidan buga kuɗi na ƙasar Amurka a birnin Filadelfiya, wanda a lokacin shi ne mazaunin gwamnati, kuma dokar ta ƙayyade kwandalolin zinariya iri uku: babbar da aka raɗa wa suna mikiya, mai darajar dala 10, da rabin mikiya mai dala 5, da rubu'in mikiya mai dala biyu da rabi. Nauyin mikiya giram 17.5 ne, na rabinta giram 8.75, na rubu'inta kuwa giram 4.37, wato ya ɗan ɗara miskali ɗaya, kuma a cikin kowane kashi 12 na ƙarfen, kashi 11 zinariya ce tsantsa, sauran kashi ɗayan garwayen azurfa da jan ƙarfe ne da ke ƙara wa kwandalar ƙwari. Dokar ta kuma yanke cewa awo ɗaya na zinariya daidai yake da awo 15 na azurfa, kuma wannan ƙa'ida, wadda ta yi daidai da farashin kasuwa a shekarar da aka rubuta ta, ita ce daga baya ta jefa mafi yawan waɗannan kwandaloli cikin tukunyar narkarwa.

An shafe shekara uku kafin a buga zinariya ko ɗaya, domin doka ta wajabta wa babban mabugi, Henry Voigt, da mai gwajin ƙarfe, Albion Cox, kowannensu ya kawo jinginar dala 10,000 kafin ya taɓa azurfa ko zinariyar jama'a, abin da ya fi ƙarfinsu, har sai da majalisa ta sassauta adadin a 1794. A watan Fabrairun 1795 wani ɗan kasuwar Boston mai suna Moses Brown ya kawo zinariyar farko, kuma a ranar 31 ga Yuli na wannan shekara, a zamanin shugabancin Henry William de Saussure, wanda ya gaji David Rittenhouse, aka miƙa rabin mikiya guda 744. Mikiya ta biyo baya a watan Satumba, rubu'in mikiya kuma sai a 1796. Gidan bai kasance yana sayen zinariya da kuɗinsa ba. Bankuna da fatake ne ke kawo tubalan zinariya ko kuɗin ƙasashen waje, su faɗi irin kwandalar da suke so, saboda haka yawan abin da ake bugawa ya dogara ne ga buƙatar masu kawowa, kuma akasarinsu rabin mikiya suke nema. Har zuwa 1807 ba a rubuta darajar kwandalar a jikinta, tunda a idon 'yan kasuwar wancan zamani nauyi da tsarkin ƙarfe su ne darajar.

Fahimtar abin da masu tara tsofaffin kuɗi ke nema a cikin waɗannan kwandaloli tana buƙatar sanin yadda ake ƙera hatimi, wato dunƙulen ƙarfe mai tauri da aka sassaƙa zanen kuɗi a kansa a juye, wanda idan aka matsa shi a kan faifan zinariya zanen ke fitowa daidai. Kowace kwandala tana buƙatar hatimi biyu, na gaba da na baya. Mai sassaƙa na gidan, Robert Scot, ɗan asalin Sikotlan wanda ya riƙe muƙamin daga 1793 har rasuwarsa a 1823, yakan fara da uwar hatimi, wani ƙarfe mai ɗauke da babban zane kaɗai, kamar kan macen da ke wakiltar 'yanci ko jikin mikiya, a matsa shi cikin ƙarfen da aka tausasa da wuta. Duk sauran abubuwa, taurari da haruffa da lambobin shekara da ganyaye da 'yan haƙoran da ke zagaye bakin kwandala, da hannu ake dangwala su ɗaya bayan ɗaya, da ƙananan ƙarafa da guduma, bisa kimantawar ido. Ta haka ba a taɓa samun hatimi biyu da suka yi daidai da juna ba: a wani tauraro yana taɓa gashin macen, a wani ya yi nesa da shi, a wani harafi ya karkace ko an dangwala shi sau biyu. Haɗuwar wani takamaiman hatimin gaba da wani takamaiman hatimin baya ita ce masana ke kira auren hatimi, kuma kowane aure shi ne nau'i guda a lissafinsu.

Bayan an gama sassaƙa sai a gasa hatimin a tsoma shi cikin ruwa don ya yi tauri, kuma a nan ne da yawa ke tsagewa tun kafin su buga kwandala ɗaya, domin ƙarfen da ake samu, wanda akasari daga Turai ake shigo da shi, ba kullum yake da kyau ba, ga tsada ga wuyar samu. Ita kuwa zinariyar, dawakai ne ke juya na'urar da ke miƙar da ita ta zama falle, a yanka faifai-faifai, a auna kowanne, wanda ya yi nauyi fiye da ƙa'ida a kankare shi da magagari, abin da ya sa har yau ake ganin layukan magagarin a fuskar kwandaloli masu yawa, kuma masana ba sa ɗaukar su a matsayin lahani tunda daga gidan bugu suka fito da su. Bugun kansa da na'urar matsi ake yi, mai ƙaton noti da ƙarti ke murɗawa da dogon hannun ƙarfe. A ƙarƙashin wannan matsi hatimi yakan tsufa a hankali: siririyar tsaga ta bayyana, ta ƙara tsawo, ta yi rassa, wani lokaci gefen hatimin ya ɓalle ya bar tudun zinariya marar zane a bakin kwandala. Idan kuma aka saki na'urar babu faifai a tsakani, hatiman biyu su yi karo, kowanne ya bar inuwar zanensa a jikin ɗan'uwansa, sai a wasa fuskar don a share inuwar, wasawar kuma ta cinye wasu ƙananan layuka na asali. Waɗannan alamomi su ake kira matakan tsufan hatimi, kuma muhimmancinsu ya wuce na ƙawa, domin tsaga ba ta komawa baya: idan hatimin baya guda ya yi aiki da hatiman gaba biyu, kwandalar da tsagarta ta fi tsawo ita aka buga daga baya, ko mene ne shekarar da ke jikinta.

Shekarar farko kaɗai ta isa ta nuna wahalar aikin. Littafin gidan ya nuna an miƙa rabin mikiya 8,707 a 1795, amma masana sun gano aure 12 masu wannan shekara da zanen baya na farko, wanda ke nuna siririyar mikiya tsaye a kan reshen dabino da kambin ganye a bakinta. Adadin hatimai mai yawa haka domin kwandaloli kaɗan shaida ce ta yadda ƙarfen ke saurin mutuwa. A ɗaya daga cikin hatiman baya mai sassaƙa ya dangwala harafin D a ƙarshen kalmar STATES, ya gane kurensa, ya ɗora S a kai, kuma ƙafar harafin farko tana nan a fili. Mikiyar 1795, wadda aka miƙa guda 5,583, tana da aure biyar, huɗu da reshe mai ganye 13, ɗaya da reshe mai ganye tara. Hatimin mai ganye tara ya lotsa tun farkon aikinsa, aka jingine shi, saboda haka abin da aka sani ya rage daga bugunsa bai wuce guda ashirin da 'yan kai ba, kuma shi ne nau'in da ya fi suna a duk jerin mikiyoyin farko.

Taurari sun zama wata matsala ta daban. An so kowane tauraro ya wakilci jiha ɗaya, kuma da yake Vermont ta shiga tarayya a 1791, Kentaki a 1792, kwandalolin 1795 sun fito da taurari 15, goma a hagu biyar a dama. Shigar Tenesi a ranar 1 ga Yuni, 1796, ta sa aka koma 16, waɗanda a mikiyar 1796 aka raba su takwas-takwas, a ta 1797 mai ƙaramar mikiya kuma aka cusa 12 a hagu aka bar huɗu a dama, rabon da ba wanda zai kira shi kyakkyawa. Da aka ga fili zai ƙare idan jihohi suka ci gaba da ƙaruwa, sai aka koma taurari 13 na jihohin asali, amma ba a zubar da tsofaffin hatimai ba, saboda haka a shekara ɗaya ana iya samun 15 da 16 a jere. Rubu'in mikiya na farko a 1796 ma babu tauraro ko ɗaya a gabansa, kuma ana danganta masa adadin 963, yayin da mai taurari na wannan shekara ake ba shi 432; shi kansa marar taurarin aure biyu gare shi, ɗayansu kwandalolinsa da aka sani ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Tsakanin 1796 da 1798 aka sauya zanen baya zuwa babbar mikiya mai garkuwa a ƙirji, wadda aka kwaikwayo daga tambarin ƙasa, sai dai Scot ya sa kibau a ƙafarta ta dama da reshen zaitun a ta hagu, akasin yadda suke a tambarin. Wannan sauyi ya faɗo a shekarun da zazzaɓin shawara ke addabar Filadelfiya: annobar 1793 ta kashe mai sassaƙa Joseph Wright, ta 1797 ta kashe ma'ajin gidan, Nicholas Way, kuma an sha rufe gidan na makonni a ƙarshen damina, a 1797 da 1798 da 1799 da wasu shekarun bayansu. Idan ma'aikata suka dawo, aiki ya taru, masu zinariya suna jira, sai a ɗauko duk hatimin da ke da sauran rai, ko da ya yi tsatsa a ajiya, a haɗa shi da wanda ya samu. Ta wannan hanya aka sami rabin mikiya mai shekarar 1795 da babbar mikiya a baya, zanen da bai wanzu ba a 1795, wanda masana suka yi ittifaƙin cewa wajen 1797 ko 1798 aka buga shi; aka kuma sami akasinsa, rabin mikiya mai shekarar 1798 da tsohuwar ƙaramar mikiya, wanda ba a san fiye da bakwai ko takwas daga cikinsa ba. Akwai kuma nau'i biyu na 1797 masu babbar mikiya, ɗaya da taurari 15 ɗaya da 16, waɗanda kowannensu kwandala ɗaya tak aka sani, kuma dukansu suna gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Mai karatu da ya san riyal ɗin Mariya Tereza, wanda ya yi yawo a kasuwannin Kano da Borno ɗauke da shekarar 1780 alhali an ci gaba da buga shi shekaru masu yawa bayan haka, ba zai yi mamakin cewa shekarar da ke jikin kuɗi ta hatimi ce, ba lallai ta bugu ba. Abin da wannan ke nufi ga mai bincike shi ne, littafin gidan yana faɗin adadin da aka miƙa a shekara ne kawai, bai faɗin shekarar da ke jikin abin da aka miƙa, kuma duk alƙaluman da ake jingina wa nau'i-nau'i, har da 963 da aka ambata, istinbaɗi ne na masanan baya.

Tsimin ƙarfe ya haifar da wata al'ada, ta ɗora shekara a kan shekara: idan an sassaƙa hatimi bai yi aiki ba har shekara ta juya, sai a dangwala sabuwar lamba a kan tsohuwa. Duk rabin mikiya na 1796 a kan 1795 aka gyara shi, haka duk na 1802 a kan 1801, duk na 1803 a kan 1802, rubu'in mikiya na 1806 kuma kashi biyu ne, wani a kan 1804 wani a kan 1805. Mafi ban sha'awa a wannan tsimi shi ne aron hatimi tsakanin ƙarafa biyu. Faɗin rubu'in mikiya ya yi kusa da na kwandalar azurfa mai santi goma, zanen bayansu iri ɗaya ne, kuma babu daraja a rubuce a kan ko ɗaya, saboda haka tsakanin 1797 da 1807 hatiman baya da dama sun buga zinariya sun kuma buga azurfa. Hatimin 1804 da aka yi kuskuren sa wa taurari 14 a saman kan mikiya yana cikinsu, kuma a rubu'in mikiya na wannan shekara mai kuskuren ne ya fi samuwa, mai taurari 13 na daidai shi ne ke da wuya ƙwarai.

Mikiya mai dala 10 ba ta yi dogon zamani ba. Na 1798, waɗanda duka a kan 1797 aka gyara su, aure biyu ne, mai taurari tara da huɗu da ake ba shi adadin 900, da mai bakwai da shida da ake ba shi 842, kuma tsagar hatimin baya ta tabbatar da cewa wasu mikiyoyi masu shekarar 1797 bayan waɗannan aka buga su. A wani hatimin 1803 akwai ɗan ƙaramin tauraro na 14 da aka dangwala a cikin gajimaren da ke gefen dama, wanda ba a san dalilinsa ba, wani auren 1803 kuma da hatimin bayan 1804 aka buga shi, bayan an gama bugun 1804 ɗin. A 1804, zamanin shugaba Thomas Jefferson, aka dakatar da buga mikiya saboda fatake na kwashe ta zuwa ƙetare da zarar ta fito, ba a kuma dawo da ita ba sai 1838. Duk da haka akwai mikiya mai shekarar 1804 da aka buga shekara talatin bayan nan: a 1834 gwamnati ta umarci a haɗa akwatunan kuɗin ƙasa domin kyauta ga Sarkin Maskat, Sayyid Sa'id bin Sultan, wanda mulkinsa ya kai har Zanzibar, da Sarkin Siyam, ƙasar da ake kira Tailan a yau, kuma da yake ma'aikata sun ga 1804 ce shekarar ƙarshe a littafi, sai suka sassaƙa sabon hatimi da wannan shekara. Jakada Edmund Roberts ya kai kyautar Maskat a 1835, ta Siyam a 1836. Ana bambanta wannan bugu da na asali ta siffar lambar 4 da kuma 'yan ɗigon da ke zagaye baki, kuma waɗanda aka buga da zinariya ba su wuce huɗu ba.

A 1807 shugaban gidan, Robert Patterson, ya ɗauki John Reich, Bajamushe, mataimakin mai sassaƙa a kan albashin dala 600 a shekara, shi kuma ya sabunta zanen, ya juyar da fuskar macen zuwa hagu, ya sa mata hula mai laushi, ya rubuta daraja a baya. Reich yana da ɗabi'ar amfani da ƙarfen tauraro mai ɗan giɓi a tsini ɗaya wajen dangwala tauraro na 13, abin da masana ke ɗauka a matsayin sa hannunsa, kuma alamar ta ɓace daga sababbin hatimai bayan ya bar aiki a 1817. Rubu'in mikiya na zanensa shekara ɗaya kawai aka buga shi, 1808, guda 2,710 da aure ɗaya, daga nan ba a sake buga wannan daraja ba sai 1821. Rabin mikiya na 1810 ya kasu huɗu bisa girman lambobin shekara da girman lambar 5 ta baya, kuma mai manyan lambobin shekara da ƙaramar 5 shi ne mafi wuya. A 1815, ƙarshen yaƙi da Ingila, rabin mikiya 635 kawai aka buga, sannan gobarar Janairun 1816 ta cinye ɗakin na'urar miƙar da ƙarfe, saboda haka babu zinariya mai shekarar 1816 ko 1817. Bayan dawowa aiki kurakurai sun ci gaba: a wani hatimin 1818 kalmomin STATES da OF sun manne babu tazara, a wani kuma an fara dangwala 50 kafin a gyara ta koma 5 D., hatimin da ya yi aiki a 1818 da 1819.

Daga nan ne dalili na biyu na ƙarancin ya shigo, kuma ya kamata a raba shi da na farko, domin masu sayarwa sukan cakuɗa su. Ƙarancin mai ganye tara ya samo asali ne daga mutuwar hatimi, wato tun farko kaɗan aka buga. Ƙarancin shekarun 1820 kuwa daga kasuwa ya zo. Faransa ta tsayar da awonta a 15 da rabi tun 1803, farashin zinariya a Turai ya ci gaba da hawa, dokar Amurka kuma tana nan a 15, saboda haka zinariyar da ke cikin rabin mikiya ta fi dala 5 ta azurfa daraja, kuma duk mai hankalin ciniki zai sayar da ita ga dillalan da ke aika ta Landan ko Faris a narkar. A waɗannan shekaru talakan Amurka ba ya ganin zinariyar ƙasarsa a kasuwa. Daga gidan bugu take wucewa taskar banki ko cikin jirgin ruwa. Shi ya sa rabin mikiya na 1822, wanda littafi ya ce an miƙa 17,796 a shekararsa, guda uku kacal suka rage, na 1825 da aka gyara a fili a kan 1824 guda biyu, na biyun ma sai a shekarun 1970 ya bayyana, na 1832 da aka manta tauraro ɗaya aka sa 12 kuma bai kai goma ba, alhali jimlar bugun shekarar ta haura 150,000. Wani abin lura shi ne, 'yan kaɗan da suka tsira daga wannan zango akasarinsu ba su sha hannu ba, tunda ba su taɓa zagayawa ba.

Ana cikin haka zinariyar gida ta fara ƙaruwa. Tun 1799 wani yaro, Conrad Reed, ya tsinci dunƙule mai nauyin kusan kilo takwas a wani rafi a Karolina ta Arewa, zinariyar jihar ta fara isa Filadelfiya a 1804, sannan aka gano ta Jojiya a ƙarshen shekarun 1820. Rahotannin gidan na wajen 1830 suna lissafa Meziko da Kudancin Amurka da Afirka a cikin wuraren da zinariya ke fitowa, amma kason jihohin kudu ya riga ya rinjaye su. Masu haƙar ma'adinai da magoya bayan shugaba Andrew Jackson, waɗanda ke son zinariya ta maye gurbin takardun banki, suka matsa, aka yi dokar 28 ga Yuni, 1834, wadda ta rage nauyin mikiya zuwa giram 16.72 ta kuma ɗan rage tsarkinta, awon ya koma kusan 16. William Kneass, magajin Scot, ya cire rubutun taken ƙasa daga bayan sababbin kwandaloli don a bambanta su da tsofaffi, tsohon rabin mikiya kuma ya koma yana daidai da kusan dala 5 da santi 33, abin da ya jawo ragowar da ke taskoki suka koma gidan bugu aka narkar da su. Zoben ƙarfe mai riƙe faifai a lokacin bugu ya riga ya shigo a ƙarshen shekarun 1820, na'urar tururi ta fara bugu a 1836, uwar hatimi kuma ta riƙa ɗaukar yawancin zanen, sai bambancin hatimai ya ragu matuƙa. Wannan ne ya sa masana suka tsayar da iyakar zinariyar farko a 1834.

Tsirar wasu daga cikin mafiya wuya aikin ma'aikatan gidan ne da kansu: Adam Eckfeldt, babban mabugi daga 1814 zuwa 1839, ya riƙa ware kyawawan kwandaloli, kuma da su aka kafa ma'ajiyar tarihi ta gidan a 1838, wadda aka mayar Smithsonian a 1923. Ɗaya daga cikin ukun 1822 daga nan ta fito, ta biyun kuma daga tarin Josiah K. Lilly, wanda ya shiga gidan tarihin a 1968. Nazarin hatimai ya makara a fannin zinariya idan aka kwatanta da na jan ƙarfe, saboda dalili mai sauƙi: kwatanta hatimai yana buƙatar a jera kwandaloli da yawa a gaba, kuma mutum kaɗan ne ke da halin jera zinariya. J. Colvin Randall na Filadelfiya ya fara rarrabe su a shekarun 1880, Edgar H. Adams da William H. Woodin suka ci gaba a farkon ƙarni na 20, kuma Woodin ɗin ne sakataren baitulmali a 1933, lokacin da gwamnati ta umarci jama'a su miƙa zinariyarsu amma ta keɓe kwandalolin da ke da daraja ta musamman ga masu tarawa. John H. Clapp ya tara nau'o'i masu yawa waɗanda Louis Eliasberg na Baltimore ya saye a 1942, Sarki Faruk na Masar ma ya mallaki zinariyar Amurka ta farko mai yawa, wadda aka yi gwanjonta a Alƙahira a 1954. Walter Breen ya wallafa jerin ƙananan littattafai a shekarun 1960 da suka zama madogara na tsawon lokaci, sai dai masu binciken da suka biyo shi sun sami maganganu da dama a cikinsu da babu takardar da ta goyi bayansu, don haka a yau ba a karɓar alƙalumansa sai an tantance.

Mutumin da ya daidaita fannin shi ne Harry W. Bass Jr., attajirin man fetur na Dallas, wanda ya rayu daga 1927 zuwa 1998, ya kuma shugabanci ƙungiyar masana kuɗi ta New York daga 1978 zuwa 1984. Daga tsakiyar shekarun 1960 ya riƙa sayen kwandala fiye da ɗaya ta aure guda idan matakin tsufan hatiminsu ya bambanta, yana duba su da gilashin ƙara girma yana rubuta abin da ya gani, kuma shi ya gano ɗan tauraron cikin gajimare na 1803. A kan rubuce-rubucensa John W. Dannreuther ya gina littafin da ya fito a 2006, wanda ya ba kowane aure lamba mai farawa da BD, haruffan farkon sunayensu biyu, kuma da waɗannan lambobi ake ciniki a yau. Ana auna ƙaranci da ma'aunin da William Sheldon ya shimfiɗa a 1949, mai hawa takwas, inda hawa na biyar ke nufin guda 31 zuwa 75, na shida 13 zuwa 30, na bakwai 4 zuwa 12, na takwas kuma ɗaya zuwa uku. Waɗannan ƙiyasi ne da ke iya sauyawa idan sabuwar kwandala ta ɓullo, kuma adadin da kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC ke bayarwa yakan zarce gaskiya, tunda ana iya kai kwandala ɗaya sau da dama ana neman a ɗaga mata maki. Duk da dukiyarsa da shekaru talatin na nema, Bass bai sami auren 1803 mai hatimin bayan 1804 ba. Anthony Taraszka, wanda ya wallafa nasa littafin kan mikiya a 1999, shi ne ya haɗa cikakken jerin auren mikiyar farko.

A kasuwa ƙaranci kaɗai ba ya yanke farashi. Nau'in da ido ke gani ba tare da gilashi ba, kamar ganye tara ko rashin taurari ko shekara a kan shekara, yana shiga littattafan farashi na gama-gari kuma kowa na nemansa, yayin da auren da bambancinsa matsayin harafi ne kawai, ko da guda biyar suka rage a duniya, sau da yawa ƙarin kuɗinsa kaɗan ne, domin masu tara zinariya aure-aure ba su da yawa. Ga kuma lahanin da zamani ya yi: an huda wasu an rataya, an liƙa wa wasu maɗauri an yi ado da su, an goge wasu har hasken asali ya tafi, kuma gyaran da aka yi don ɓoye haka yana rage daraja sosai. Sanin hatimai shi ne babbar kariyar mai saye, domin kwandalar da ba ta dace da wani sanannen aure ba, a matsayin taurarinta da tsagoginta, abar tuhuma ce har sai ƙwararru sun tabbatar da ita. Zaɓaɓɓen tarin Bass, wanda aka baje a gidan tarihin kuɗi na Colorado Springs sama da shekara ashirin, kamfanin Heritage ya yi gwanjonsa a 2022 da 2023 a kan sama da dala miliyan 80, aka ba da kuɗin ga ayyukan jinƙai a Texas. Rabin mikiya na 1822 guda ɗaya da ke hannun masu zaman kansu, wanda aka saya dala 687,500 a gwanjon Eliasberg na 1982, kamfanin Stack's Bowers ya sayar da shi a watan Maris na 2021 a kan dala miliyan 8.4.